Daga shago zuwa ɗakin baya ma sai mun sayi data?

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da duk abokan aikinka, Allah ya ƙara basira ya ja kwana. Dan Allah a ɗan ba ni fili in yi magana da 'yan uwana Hausawa mazauna Legas, da ma na gida in abin ya shafe su, a kan wani abu da ido zai raina amma wallahi kullum yana cin kuɗinmu kuma yana jawo mana asarar aiki, wato yadda muke ɗaukar fayil daga wata kwamfuta mu kai wata alhali dukkansu a gida ɗaya suke, wani lokacin ma bango ɗaya ne tsakaninsu.

Ni a Agege nake, sana'ata buga takardu, katin ɗaurin aure da na suna, tambayoyin jarrabawar makarantun Islamiyya, da littafin rasit na wasu 'yan kasuwarmu na Mile 12 masu albasa da tattasai. Shagon nawa a jikin gidan da muke haya yake. Ƙanina yana zaune tare da mu, shi bidiyon biki yake ɗauka ya tace, kwamfutarsa na can ɗakin baya. Maiɗakina kuma tana sayar da atamfa da leshi ta waya, tana da wata tsohuwar laftof da take tara hotunan kaya da lissafin masu bashi a ciki. To kaga kwamfuta uku kenan, ga firinta ɗaya a shago, ga rauta ɗaya da muke saka mata data duk wata kowa na shan waifai. Amma mun yi shekaru in ƙanina zai ba ni hoton ango da amarya in ɗora a kalanda ko a jikin kati, sai dai ya turo min ta WhatsApp, ko ya kwafa a filash ya aiko yaro da ita. Ta WhatsApp ɗin nan an ci data wajen turawa, an sake ci wajen saukewa, kuma duk daga rauta ɗaya kuɗin ke fita, hoton ya tafi sabar kamfani can wata uwa duniya sannan ya dawo gidan da ya fito, kuma in ba a matsayin dokumen aka turo shi ba sai ya iso a matse, ka buga shi babba ka ga fuskar amarya ta dusashe. Bidiyo kam ba a magana. Tun da hukumar sadarwa ta ƙasa NCC ta amince a watan Janairun 2025 kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin ɗari, duk mai gida ya san yadda data ta koma, kuma har yanzu ina ganin mutanenmu suna wannan ɓarnar ba don suna da kuɗin zubarwa ba, don dai babu wanda ya taɓa zama ya yi musu bayani da harshen da suke ji.

Abin da ya buɗe min ido wata asara ce da har yau in na tuna sai raina ya sosu. Wani malamin Islamiyya, dattijo mai mutunci, ya kawo min tambayoyin jarrabawar ƙarshen zango na ajujuwa shida, duk rubutun hannu, yawanci Larabci. Duk wanda ya taɓa buga Larabci a kwamfuta da wasulansa ya san ba aikin gaggawa ba ne, wasali bisa, wasali ƙasa, rufu'a, ɗauri, ɗaya bayan ɗaya kake saka su, in aya ce kuma sai ka koma ka duba sau biyu sau uku don ba a wasa da ita. Kwana takwas na yi a kai. Da rana ina yi a shago, da dare in koma kwamfutar ƙanina tunda tasa ce ke da batirin da ke riƙe wuta, saboda haka aikin gaba ɗaya a cikin filash yake zaune, ina yawo da shi a aljihu. Saura kwana biyu jarrabawa wani ya zo da tasa filash ɗin yana so a buga masa takarda, na soka a kwamfutar shago na buga masa ya tafi, da yamma na soka tawa. Washegari da safe na buɗe, duk foldodina sun koma shotkot, ka danna ba abin da ke fitowa. Hankalina ya tashi, wani da ke zaune a shagon yace ai bairos ne, magani kawai a yi mata fomatin, ni kuma cikin ruɗewa na yi. Daga baya ne na san cewa irin wannan bairos ɗin ɓoye fayil yake yi ba gogewa ba, da na haƙura na kai wa wanda ya sani da an fito min da aikina. Ban runtsa ba na sake bugawa daga farko, malamin nan ya zo ya zauna kusa da ni yana karanto min ina bugawa, ko sau ɗaya bai ɗaga min murya ba, wannan haƙurin nasa ya fi faɗa yi min ciwo.

Bairos ɗin kuwa ya riga ya bi filash ya shiga duk kwamfutocin gidan. Na kwashi biyu na tafi Computer Village a Ikeja, nan layin Otigba, wajen wani yaro ɗan Zariya mai gyaran laftof. Yana cikin wanke su ina ba shi labari, sai ya ɗago kai yace "Malam, kuna da rauta a gida?" Nace akwai. Yace "To me ya haɗa ku da filash?" Nace ai bidiyo da hotuna suna da nauyi, data ba za ta ɗauka ba. Ya ajiye abin da ke hannunsa yace "Malam, ai ba data za ka ci ba, ko sisi." Allah ya saka wa yaron nan da alheri, a bayan wata takardar rasit ya zana min abin. Yace rauta aiki biyu take yi, tana fitar da kai waje zuwa intanet, tana kuma haɗa duk na'urorin da ke jikinta junansu, kamar gida ne mai tsakar gida da ƙofar fita, kamfanin waya abin da ya ratsa ƙofar fita kawai yake ƙirgawa, abin da ya tsallaka tsakar gida daga ɗaki zuwa ɗaki babu ruwansa da shi. Ko datar ta ƙare ƙaf, muddin rauta na kunne, kwamfutocin suna ganin juna. Nan take na gane, don abin da muke yi ne kullum da Xender a waya, ka tura wa mutum wa'azi ko hotuna ba tare da data ba, sai dai ban taɓa kawowa a raina kwamfuta ma tana da irin wannan hanyar tun daga kamfani ba.

Bari in faɗi yadda muka yi a Windows don mai buƙata ya gwada, sunayen wuraren da Turanci suke a jikin kwamfuta shi yasa zan rubuta su yadda mutum zai gan su. Da farko duk kwamfutocin su hau rauta ɗaya, ko ta waifai ko ta kebul. Sai ka shiga saitin netwok ɗin ka duba, za ka ga an ba ka zaɓi biyu, Public da Private. Windows tana ɗaukar baƙon waifai kamar kasuwa ne, sai ta ɓoye kwamfutarka kada kowa ya gan ta, wannan shi ne Public, kuma daidai ne in kana otal ko filin jirgi. A gidanka sai ka mayar da shi Private. Mutane da yawa a nan suke maƙalewa, su yi komai daidai amma kwamfutoci su ƙi ganin juna, ashe ɗaya tana nan a Public. Daga nan a cikin Advanced sharing settings ka kunna Network discovery da File and printer sharing. Sai ka buɗe sabuwar folda guda ɗaya, mu tamu Tsakar Gida muka sa mata suna, ka danna ta da ɓangaren dama na maus ka shiga Properties, ka shiga Sharing, ka zaɓi wanda ka yarda ya shiga da kuma abin da ka yarda ya yi, Read wato ya gani ya kwafa kawai, ko Read/Write wato har ya zuba nasa ya canza ya goge. Dan Allah kada wanda ya buɗe duk faifan C ɗinsa wai don sauƙi, folda ɗaya ta isa, abin da kake so a gani ka zuba a ciki.

A ɗaya kwamfutar kuma sai ka buɗe File Explorer, a layin adireshi na sama ka rubuta layin nan mai karkata baya guda biyu \\ sannan sunan kwamfutar da ke riƙe da foldar. In suna ya ƙi, ka yi amfani da lambarta. Kowace na'ura rauta na ba ta lamba, yawanci tana farawa da 192.168, in kana son ganin taka ka buɗe cmd, wato baƙin allon nan da ake rubuta wa Windows umarni, ka rubuta ipconfig ka duba inda aka rubuta IPv4. Za ta tambaye ka suna da kalmar sirri, to a nan ma akwai tarko, ba na kwamfutar da kake zaune a gabanta ake nufi ba, na waccan mai foldar ake nufi, kuma lambar fin ɗin nan da kake buɗe Windows da ita ba ta aiki a nan, haka ma akawun ɗin da ba shi da kalmar sirri kwata-kwata Windows ba ta yarda a shigo da shi ta netwok. Mu abin da muka yi shi ne muka buɗe wani akawun daban a kwamfutar shago don wannan aikin kawai, muka sa masa kalmar sirri mai tsawo. In ta buɗe sai ka yi Map network drive ka ba ta harafi, mu Z muka ba ta, shi kenan kullum tana nan a jere da sauran faifai kamar filash ɗin da ba a cirewa.

Wani abu da ya ba mu wahala kusan mako guda, ƙanina yana ganin foldar, yana kwafa, amma in zai zuba abu sai ta ce ba shi da izini, alhali na ba shi izini a Sharing. Ashe ƙofa biyu ce. Akwai Sharing, akwai Security a gefenta, kamar ƙofar zaure da ƙofar ɗaki, ko an buɗe maka zaure in ɗaki na kulle kana nan waje, wadda ta fi tsauri a cikinsu ita ke aiki. Da muka ƙara sunan akawun ɗin a Security muka ba shi damar canzawa, magana ta ƙare.

Ranar farko da ƙanina ya jefo min bidiyon wani ɗaurin aure mai nauyin giga huɗu da wani abu na tsaya ina kallon koren layin nan yana tafiya, na buɗe wayata na duba ragowar data, tana nan yadda take. Irin wannan fayil ɗin da ma filash ɗinmu ƙin karɓarsa take yi, don mafi yawan ƙananan filash da tsarin FAT32 suke zuwa, shi kuma ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce giga 4 ko da akwai fili. Ta waifai ya ɗan ja lokaci, musamman da yake bangon gidajen Legas bulo ne da siminti ga waifai ɗin maƙwabta ta ko'ina suna gogayya. Daga baya muka sayi kebul muka bi da shi ta saman silin daga shago zuwa ɗakin baya. In ramin kebul na rautarka mai gudun 100 ne, giga huɗu zai ci kamar minti shida, in mai gudun 1000 ne kuma kwamfutocin ma haka, bai fi minti ɗaya ba in faifan na da lafiya. Firinta ma muka buɗe ta haka, yanzu Maiɗakina daga falo take tura lissafinta ya fito a shago.

To Malam Edita, yanzu ga inda na fi so a ji ni da kyau, don shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki waya nake wannan dogon rubutu. Bayan kamar wata biyu ƙanina ya gaji da tambayar kalmar sirri duk sanda ya sake saita kwamfutarsa, sai ya buɗe tasa foldar ta aikin biki, ya sa Everyone, ya kashe Password protected sharing, wato kowa ya shiga ba kalmar sirri, bai gaya min ba, a ganinsa ai gida ne duk mu ne. Ya manta irin gidan da muke ciki. Gidan haya ne irin na Legas, ɗaki na kallon ɗaki, kuma mun ba ɗan maƙwabcinmu kalmar sirrin waifai saboda yana shirin jarrabawar shiga jami'a yana karatu da laftof ɗin yayansa. Wata rana bayan Magariba yaron ya yi sallama a ƙofar shago, ya tsaya yana murza hannu, yace "Baba, dan Allah akwai wata folda da ta fito min a laftof, an rubuta Biki, na danna ta buɗe, na ga hotunan mata ne na rufe, nace bari in zo in gaya maka." Wallahi sai da na ji ƙafata ta yi sanyi. Hotunan wurin kamu ne da lalle na wata amarya, taron mata zalla, matan aure ba mayafi suna cikin 'yan uwansu, waɗanda ma ƙanina ba shi ya ɗauka ba, mace yake turawa ta ɗauko masa saboda haka masu bikin suka shardanta. Amana ce mutane suka ba mu. Allah ya sa yaron ɗan tarbiyya ne, Allah ya yi masa albarka, amma da wani ne ya kwafa ya watsa fa? Da wane ido za mu kalli mijin wata a masallaci, kuma wa zai yarda cewa ba da gangan aka yi ba? A daren muka rufe foldar, muka mayar da kalmar sirri, muka canza ta waifai, sannan muka kunna masa waifai ɗin baƙi da rautar ke da shi, wanda a rauta da yawa yana ba mutum intanet kawai ba ya barinsa ya ga na'urorin cikin gida. Duk mai ɗaukar hoto, duk mai buga takardun mutane, duk mai ajiye lissafin kasuwa, ya sani duk wanda ya hau waifai ɗinka ya shigo tsakar gidanka, in ka bar folda a Everyone ba kalmar sirri to kamar ka bar ɗaki a buɗe ne. Kuma mu Hausawa ba ma iya hana maƙwabci waifai in ya roƙa, ba kuma na cewa a hana, a dai kulle abin da ya kamata a kulle.

Akwai kuma maganar gogewa. In ka goge fayil a kwamfutarka yana tafiya kwandon shara ka iya dawo da shi, amma in daga wata kwamfutar ka shigo ta netwok ka goge, ba ya shiga kwandon kowa, tafiya yake yi kai tsaye. Ɗana ƙarami ya taɓa share hotunan leshi na mamansa kusan guda sittin daga laftof, yana zaton nasa wasan yake gyarawa, sai da ta sake ɗaukar kayan ɗaya bayan ɗaya. Tun daga nan abin da yara za su taɓa Read kawai ne, sai folda ɗaya da kowa ke iya jefa abu a ciki, ni kuma da dare in kwashe in kai inda ya dace. Kuma kada wani ya ɗauka tunda kowa na ganin foldar to an adana ta, a'a, kwafi ɗaya ne tak a faifai ɗaya, in faifan ya mutu ya tafi da komai. Ni duk Juma'a bayan na dawo masallaci nake kwafe ta a had-disk na waje in cire shi in sa a durowa.

Matsalar wuta kuwa kowa ya san ta. Kwamfutar da ke riƙe da foldar dole ta kasance a kunne, in ta yi barci ma foldar ta ɓace, don haka sai ka shiga saitin wuta ka hana ta barci lokacin aiki. Rauta ma in wuta ta ɗauke ta mutu, mu mun saya mata ɗan ƙaramin batiri irin wanda ake sayarwa don rauta, yana riƙe ta kafin a tada janareta. Sannan in wuta ta dawo rautar kan sake raba lambobi, kwamfutar da jiya ta ƙare da 101 yau ta koma 103, sai faifan Z ya nuna jan kuros mutum ya zata komai ya lalace. Maganinsa ka shiga shafin rautar, adireshinsa da kalmar shigarsa galibi suna rubuce a ƙasanta, ka ɗaure wa kwamfutar lamba ɗaya ta dindindin, kuma tunda ka shiga ka canza kalmar shigar da ta zo da ita daga kamfani. Wani abu da zai iya sa mutum ya ce na yi masa ƙarya kan data shi ne sabuntawar Windows, ita kam in ta samu waifai zuƙa take yi, ba foldar ce ke ci ba, ka kunna Metered connection ta rage.

Mafi yawanmu tokumbo muke saya, wasu har yanzu suna da tsofaffin kwamfutoci masu Windows XP a shago. Yaren da kwamfutoci ke magana da shi wajen wannan musayar sunansa SMB, kuma XP tsohon samfurinsa na farko kawai ta iya, wanda sababbin Windows suka daina zuwa da shi a kunne tun wajen ƙarshen 2017. Za ka samu mai gyara ya ce maka bari in kunna maka SMB1 su ga juna. Ni shawarata kada ka yarda. Ta wannan tsohuwar ƙofar ce bairos ɗin WannaCry ya bi a watan Mayun 2017 ya kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150 yana neman kuɗin fansa, har asibitocin Ingila sai da aiki ya tsaya a wasunsu, kuma shi ba ya jiran filash, da kansa yake tsallakawa daga kwamfuta zuwa kwamfuta a netwok ɗaya. Haka kuma in ka ga tsohon bidiyon koyarwa yana ce maka ka nemi HomeGroup kada ka wahalar da kanka, na zamanin Windows 7 ne, an cire shi daga Windows 10 tun 2018. Ita kanta Windows 10 ɗin Microsoft ta tsayar da tallafinta na yau da kullum ranar 14 ga Oktoban 2025, ga shi kuma ita ce a kan laftof da yawa da ke hannun mutanenmu, wannan ma magana ce da ya kamata masana su zo su yi mana bayaninta.

Waya ma tana shiga. A Android manhajar VLC tana ganin foldar ta waifai, haka yara ke sauraron karatun Alƙur'ani da na tara a kwamfutar shago ba tare da na cika musu waya ba, iPhone kuma manhajarta ta Files tana da wurin haɗawa da saba, mai Mac shi ma yana shiga ta Finder ya rubuta smb:// da lambar.

Na ƙara sanin darajar abin nan a farkon azumin 2024, ranar 14 ga Maris, da kebul ɗin intanet na ƙarƙashin teku suka samu matsala netwok ya rikice a Najeriya da maƙwabtanta, mutane na ta fama da tura saƙo da tura kuɗi. A ranar muna da kalandar azumi ta wani masallaci da za a raba, ƙanina ya gama zanen a ɗakinsa ya jefa a Tsakar Gida, na ɗauka na buga, ba mu ma ji a jikinmu ba ta wannan ɓangaren.

Roƙona gare ka Malam Edita shi ne a ware ɗan shafi a wannan jarida ko sau biyu ne a wata, da za a riƙa bayanin irin waɗannan abubuwan da Hausa, da hoton inda za a danna, a kuma ba masu karatu damar aiko tambaya. Muna da yara masu ilimin nan sosai, suna nan Ikeja da kasuwar Alaba, suna Kano da Kaduna da Zariya, in an neme su za su rubuta. Ni abin da na sani kaɗan ne kuma da asara na koye shi, amma a cikin watannin nan na saita wa gidaje huɗu a nan Agege da wata makarantar Islamiyya da malamanta ke yawo da filash ɗaya tsakanin ofis da aji, kuma duk inda na je tambayar farko ita ce nawa data zai ci. Ranar Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu zan je Idi-Araba wajen wani kawuna mai harkar canji, kwamfuta biyu gare shi a gida, ya ce shi sharaɗinsa ɗaya ne, yara su iya ganin foldar karatu amma kada su ga ta lissafi, na ce masa Kawu wannan mai sauƙi ne, akawun biyu za mu buɗe.

Na gode da wannan dama, Allah ya bar zumunci. Wassalam.

Naka mai karatu a kullum,
daga Agege, Legas.